Idan Ƴaƴa Sun Tashi: Iyaye Kiristoci da Tambayar Amana

A garuruwan kudancin Nijar akwai wani irin gida da baƙo yake ganewa tun daga zaure. Tsakar gidan a share take, ba mai ɓata ta sai iska. Babbar tukunyar tuwo tana kife a bayan madafa, an koma ɗora ƙarama. Ɗakuna uku ko huɗu suna rufe da kwaɗo, ɗaya ma an mai da shi wurin ajiye buhunan hatsi. Mai gida da uwargida suna nan da ransu, sai dai ƴaƴan da suka cika gidan da hayaniya shekara ashirin ko talatin duk sun kama gabansu. Babban yana aikin gwamnati a Yamai, mai bi masa an tura shi koyarwa can wajen Difa, ƴan matan suna ɗakunan mazajensu a Tawa da Kano, autan kuwa ya bi motocin Agadas, wata uku ke nan ba a ji muryarsa ba.

Binciken lafiyar jama'a na shekarar 2012 ya nuna cewa mace a Nijar takan haifi ƴaƴa fiye da bakwai, wanda ke nufin shirun irin wannan gida baƙo ne a kunnen masu shi. Tambayar da yake tayarwa tsohuwa ce, kuma ta shafi Musulmi da Kirista baki ɗaya: wane iko ne ya rage wa uba ko uwa a kan ɗan da ya tashi, kuma wane aiki ne ya rage musu a kansa? Kiristocin ƙasar Hausa suna neman amsa a cikin Littafi Mai Tsarki. Amsar da suke samu a can ta cancanci malamai da masu nazarin al'adu su dube ta, domin tana lallashin iyaye ta wani gefe, tana kuma ja musu kunne ta wani gefen.

Ƴan kaɗan a cikin jama'a mai yawa

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sa Kiristoci ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafa tasha a Tsibiri ta Gobir, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma shi ne littafin da aka koya wa masu bi na farko karatu da shi. Ikilisiyar Katolika, wadda ta fara aiki a Yamai a farkon shekarun 1930, ta ba Maraɗi nata bishop a 2001.

Wannan tarihi ya bar wa iyalan Kirista abubuwa biyu. Na ɗaya, sun shigar da ƴaƴansu makarantar boko da wuri, maza da mata, tun lokacin da maƙwabta suke ɓoye nasu. Boko kuwa hanyar fita ce: yaro ya gama firamare ya tafi kwaleji a birni, ya gama lise ya wuce Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, daga nan aiki ya jefa shi inda ya ga dama. Ko da aka buɗe jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, abin da ya canza shi ne ranar tafiya, tafiyar kanta tana nan. Na biyu, ƙanƙantar jama'ar ta sa tashin kowane ɗa yana bayyana. A majami'ar ƙauye mai iyali goma, idan samari biyar suka tafi, ranar Lahadi kowa zai ga bencin da babu kowa a kai. Ƴa mace sau da yawa ba ta samun miji mai bi a garinsu, sai a nesa, ko kuma ta auri wanda ba addininsu ɗaya ba. Saboda haka tsoron uba Kirista kashi biyu ne: yana tsoron ɗansa ya bar gida, yana tsoron ya bar bangaskiya.

Jari ko amana

A tsarin gandu na gargajiya, ɗa namiji ba ya tashi. Yakan yi aure a gidan ubansa, a ba shi sashe, ya yi noma a gonar gandu tare da ƴan'uwansa, a ware masa ɗan fili na kansa. Ƴa mace ce take fita, shi ya sa ake kai amarya da kuka. A irin wannan zama, ƴaƴa su ne ƙarfin gida, su ne rumbun tsufa, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya riƙa lissafa su tare da gonarsa da bisashensa. Babu mugunta a cikin wannan lissafi. Talaucin ƙasa da ƙarancin damina ne suka koyar da shi.

Littafi Mai Tsarki ya taɓa wannan lissafi tun daga shafukansa na farko. A Farawa 2:24, inda aka kafa aure, wanda aka ambata zai rabu da uba da uwa shi ne namiji, kuma Yesu ya maimaita wannan magana a Matiyu 19, Bulus ya sake kawo ta a Afisawa 5. An faɗi haka ne kafin labarin zunubin Adamu da Hawwa'u, wato rabuwar ɗa da iyayensa tana cikin tsarin halitta tun kafin wani abu ya lalace. Zabura ta 127 ta ɗauki ƴaƴa a matsayin kyauta daga Ubangiji, ta kuma kwatanta su da kibau a hannun jarumi. Duk maharbi ya san kibiyar da ba ta bar kwari ba, ba ta kawo nama.

Labarin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Hannatu, a farkon littafin Sama'ila na ɗaya. Mace ce wadda ba ta haihu ba, kishiyarta Feninna tana yi mata gori kowace shekara, irin gorin da duk matar ƙasar Hausa ta san zafinsa. Ta roƙi ɗa, ta yi wa'adin mai da shi ga Ubangiji. Da ta haifi Sama'ila ta yaye shi, sai ta ɗauke shi da hannunta ta kai shi Shilo wurin firist Eli, ta komo gida ba tare da shi ba. Sura ta 2 aya ta 19 ta ƙara wani ɗan bayani wanda ya fi wa'azi mai tsawo: kowace shekara takan ɗinka masa ƴar riga, ta kai masa lokacin da suka je miƙa hadaya. Mai ɗinka wa yaro riga ba ta gansa ba shekara guda, dole ta yi kirdadon tsawonsa, ta yanka ƙyalle bisa girman da ya yi a bayan idonta. Hannatu ta ci gaba da zama uwa, amma ta yarda cewa ɗanta yana girma a inda ba ta nan, ba ta kuma nace sai ya sa rigar bara ba.

Kalmar Hausa da ta dace da wannan matsayi ita ce amana. Mai riƙon amana yana da nauyi mai girma a kansa, amma ranar da mai abu ya nema, mayarwa ita ce cikar aikinsa. Bahaushe ma ya riga ya san wani abu daga cikin wannan: yana cewa ɗa na kowa ne, yana ba da riƙo ga ƴan'uwa, yana kai yaye gidan kaka, yana jin kunyar ɗan fari har ba ya kiran sunansa. Duk waɗannan al'adu suna koya wa zuciya kada ta ƙanƙame abin da ta haifa. Abin da bangaskiyar Kirista ta ƙara shi ne ta faɗi sunan mai amanar, ta ce Allah ya riga iyaye sanin yaron, yana kuma tare da shi a inda idonsu ba ya kaiwa, kamar yadda Zabura ta 139 ta yi bayani.

To, wa zai ciyar da tsoho?

Mai hankali zai iya tsayawa a nan ya ce wannan magana ta masu ƙoshi ce. Yawancin tsofaffin Nijar manoma ne da ƴan kasuwa waɗanda ba su da kuɗin ritaya. Idan ƙarfin riƙe hauya ya ƙare, abin da ya rage shi ne jika biyar ko goma da ɗa zai aiko a ƙarshen wata. Gaya wa irin wannan tsoho cewa ɗansa amana ne, ya sake shi, zai iya zama hanyar wanke ɗan da ya yi watsi da shi.

Wannan suka tana da nauyi, kuma Littafin bai kauce mata ba. Girmama uba da uwa yana cikin Dokoki Goma, a Fitowa 20:12, kuma dokar ba ta tsaya kan yara ƙanana ba. A Markus sura ta 7, Yesu ya tsauta wa malaman da suka ba mutum dama ya ce dukiyarsa keɓaɓɓiya ce ga Allah domin ya kuɓuta daga taimakon iyayensa; ya kira wannan soke maganar Allah da al'adar mutane. Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti sura ta 5, ya ɗora kula da gwauruwa a wuyan ƴaƴanta da jikokinta kafin ikilisiya, ya kuma sa wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa a ƙasa da marar bi. Yesu kansa, yana kan gicciye, sai da ya danƙa mahaifiyarsa Maryamu a hannun almajirin da yake ƙauna, bisa ga Yahaya 19. Saboda haka ɗan da yake karɓar albashi a Yamai, yana ba da baiko mai kauri a majami'a, alhali uwarsa tana cin bashin tiya ɗaya ta hatsi a ƙauye, ba shi da mafaka a cikin wannan Littafi.

Sai dai akwai bambanci tsakanin hakki da mallaka. Iyaye suna da hakkin ci da sha da magani da girmamawa. Ba su da ikon zaɓar wa ɗa mai shekara talatin inda zai zauna, ko su mai da matarsa abokiyar gaba domin ta raba su da albashinsa. Bulus ɗin da ya tsananta wa ƴaƴa shi ne kuma ya ce, a 2 Korantiyawa 12:14, iyaye ne suke tanadi domin ƴaƴa, ya kuma gargaɗi ubanni a Afisawa 6:4 kada su tsokani ƴaƴansu har su fusata. Akwai iyayen da kiransu na waya ba ya wuce lissafin abin da ba a aiko ba, da labarin abin da ɗan maƙwabci ya gina wa ubansa. Ɗa yakan kai matsayin da ganin lambar gida a salula take sa gabansa ya faɗi. Wani ma yakan jefa kansa a hanyar hamada domin kunyar komowa hannu wofi. A littafin Tobit, wanda Katolika suke karantawa cikin Littafi Mai Tsarki, makahon uba ya aiki ɗansa tilo ƙasar Mediya ya karɓo kuɗin da ya ba da ajiya, uwar yaron kuwa, wadda ita ma sunanta Hannatu, ta fashe da kuka tana tuhumar mijinta da fifita azurfa a kan ran ɗansu. Tuhuma ce da ya kamata kowane gida ya yi wa kansa kafin ya matsa wa saurayi ya tafi nema.

Ɗan da ya bar hanya

Mafi zafin tashi shi ne wanda zuciya ta tashi tare da ƙafa. Wani ɗan ya daina zuwa sujada, wani ya shiga shaye-shaye, wata ta yi aure ta bi addinin mijinta. A nan iyaye sukan hukunta kansu, ikilisiya ma wani lokaci ta taya su. Akan jawo Karin Magana 22:6, inda aka yi maganar koya wa yaro hanya tun yana ƙarami, a mai da ita alkawari marar tangarɗa: in ɗa ya kauce, ai tarbiyya ce ta gaza. Dattijon ikilisiya yakan sunkuyar da kai, matar fasto ta daina zuwa taron zumuntar mata domin gudun idon mutane.

Karin magana kuwa, a Ibrananci ko a Hausa, tana faɗin abin da ya fi yawan faruwa ne. Bahaushen da ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ne kuma ya ce ana haihuwar ɗa, ba a haihuwar halinsa. Sama'ilan da Hannatu ta ba Ubangiji ya zama annabi mai gaskiya, amma ƴaƴansa Yowel da Abaija sun ci hanci suna alƙalanci a Biyer-sheba, kamar yadda 1 Sama'ila 8 ta nuna. Dawuda ya ga ɗansa Absalom ya tayar masa da yaƙi, da aka kashe shi kuma ya yi kuka yana gwammace shi ne ya mutu. Ezekiyel sura ta 18 ta yanke hukunci a sarari cewa ɗa ba ya ɗaukar laifin uba, uba ba ya ɗaukar laifin ɗa. Iyayen da suka san sun yi kuskure suna da ƙofar tuba, suna kuma iya neman gafarar ɗansu, abin da yake da wuya a bakin dattijo amma ba ya rage masa girma. Waɗanda suka yi iyakar ƙoƙarinsu ba a umarce su su ɗauki kayan da ba nasu ba.

Misalin ɓataccen ɗa a Luka 15 ya nuna abin da ake yi bayan haka. Ƙaramin ɗa ya nemi rabonsa na gado tun uban yana da rai, abin da a ƙasar Hausa ma daidai yake da yi wa uba fatan mutuwa. Uban ya raba, ya bar shi ya tafi. Bai bi shi ba, bai tsine masa ba, bai hana a ambaci sunansa ba. Da yunwa ta koro yaron, tun yana nesa uban ya hango shi, kuma ba a hango mai zuwa daga nesa sai an saba duban hanya. Ya sheƙa a guje ya tarye shi, alhali dattijo ba ya gudu a gaban jama'a. Bai tsaya nan ba, ya sake fita waje domin lallashin babban ɗan da ya yi fushi, wanda bai taɓa barin gida ba amma ya zauna a cikinsa kamar ɗan ƙodago. Darasin na biyu yakan kuɓuce wa iyaye: wanda ya zauna yana noma gonar yana jinyar tsofaffi, sau da yawa shi ake mantawa, domin hira duk ta koma kan mai aiko da kuɗi ko mai ɓacewa.

Tarihin ikilisiya a Afirka yana da nasa misalin. Agustin, wanda aka haifa a shekarar 354 a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya, ya bar bangaskiyar uwarsa Monika ya bi ɗariƙar Mani kimanin shekara tara. Ya ba da labari a littafinsa na ikirari cewa da farko ta ƙi zama gida ɗaya da shi da cin abinci tare, daga baya ta sauko. A 383 ya yi mata ƙarya a bakin tekun Kartaj, kusa da Tunis ta yau, ya ce abokinsa zai raka, ya shiga jirgin ruwa da dare ya haye zuwa Roma, ta wayi gari tana kuka a gaɓa. Addu'arta a daren ita ce kada ya tafi, ba a kuwa amsa ta ba. Amma a can Italiya ya haɗu da bishop Ambrose na Milan, wanda ya yi masa baftisma a 387, shekarar da Monika ta rasu a Ostiya bayan ta gani da idonta. Shi da kansa ya fassara abin da cewa Allah ya hana ta roƙon dare ɗaya domin ya ba ta roƙon dukan ranta.

Ba kowace uwa ce take ganin abin da Monika ta gani ba, kuma rashin gaskiya ne a yi wa iyaye alkawarin haka. Akwai kuma abin da Kiristocin ƙasar Hausa ya wajaba su tuna game da kansu. Kakanninsu da suka karɓi bishara a Tsibiri ko Galmi ƴaƴan wasu ne, sun bar abin da iyayensu suke bi, wasu an kore su, wasu an hana su gado ko mata. Jama'ar da aka kafa ta a kan ƴancin ɗa ya bi abin da zuciyarsa ta gaskata ba ta da bakin tsine wa ɗan da ya yi amfani da wannan ƴanci ta hanyar da ba ta so. Baƙin ciki halal ne, addu'a wajibi ce, faɗin gaskiya sau ɗaya a fili yana da kyau. Rufe ƙofa kuwa ba shi da gurbi, domin hannun mutum ba ya ruɓewa ya yanke ya yar. Jikan da ake kai wa makarantar allo jika ne, yana da rabo a ƙwaryar furar kakarsa.

Inda babu labari

Akwai iyayen da damuwarsu ta wuce ta addini ko ta kuɗi, domin ba su san ko ɗansu yana da rai ba. Ci-rani tsohuwar al'ada ce, daga Ader zuwa Abijan, daga Damagaram zuwa Kano, amma hanyar arewa ta ƙara mata haɗari. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara ƴan yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Tun daga lokacin, duk uwar da ɗanta ya nufi arewa ta san abin da shiru yake iya nufi.

Ga irin waɗannan iyaye Littafin bai ba da umarnin a yi murmushi ba. Yakubu, da aka kawo masa rigar Yusufu da jini, ya ƙi ta'aziyya, ya kuma yi shekara 22 yana zaton ɗansa ya mutu kafin ya gan shi a Masar. Maƙwabta Musulmi sun san wannan labari daga surar Yusuf, da haƙurin da Yakubu ya yi har idanunsa suka yi fari, shi ya sa a zaman jaje irin wannan gidajen biyu suna fahimtar juna ba tare da tafinta ba. Rifkatu ta sallami Yakubu zuwa Haran tana zaton kwanaki kaɗan zai yi, ya yi shekara 20, kuma Littafin bai ambaci sun sake ganawa ba. An bar wannan giɓi a buɗe, ba a cike shi da magana mai daɗi ba. Zabura tana cike da kukan masu tambayar Allah har yaushe, kuma an sa waɗannan koke-koke cikin littafin sujada domin mai bi ya san cewa kai ƙara wurin Allah ibada ce. Ƙarfafawar da ake samu a nan ƙanƙanuwa ce a baki amma tana ɗaukar nauyi: ɗan da ya ɓace wa iyayensa bai ɓace wa Mahaliccinsa ba, a Sabha yake ko a Tamanrasat, a raye ko a mace.

Aikin da ya rage wa gida

Ayuba yana da ƴaƴa maza bakwai da mata uku, mazan kowa da gidansa. Sura ta fari ta littafinsa ta ce bayan sun gama zagayen bukukuwansu, yakan tashi da sassafe ya miƙa hadaya bisa yawansu, ko da wani ya yi saɓo a zuciyarsa. Ba ya zuwa ya zauna musu a biki yana ƙirga abin da suka ci. Iyaye da yawa sun mai da wannan al'adarsu: bayan karatun safe, a kira sunan kowane ɗa, da matarsa ko mijinta, da garin da yake. Amfanin wannan ya wuce abin da ake roƙo, domin wanda yake ambaton surukarsa a gaban Allah kowace safiya, da wuya ya yini yana cin namanta.

Zamanin da ake jiran wasiƙa ko kaset daga hannun direba ya wuce tun da salula ta shigo a farkon shekarun 2000, yau kuwa murya da hoto suna isowa nan take. Sauƙin yana da nasa tarko, domin uwa tana iya mulkin gidan ɗanta daga nisan kilomita ɗari shida. Ma'aunin rigar Hannatu yana aiki a nan: a tambayi lafiya, a saurara, a ba da shawara idan an nema, a sa albarka kafin a kashe waya. Bakin iyaye yana da nauyi a wurin Bahaushe, Musulmi ko Kirista, kuma abin da yake da nauyi haka ba a wasa da shi a kan jinkirin aike.

Sauran aikin yana cikin gari. Mata da mijin da suka shekara talatin ba su da hira sai ta kuɗin makaranta da zazzaɓin yara sukan tarar ba su san juna ba. Yanzu suna da lokacin da za su ci daga akushi ɗaya su sake sabawa. Ɗakunan da aka rufe da kwaɗo kuma suna da masu bukata. A Maraɗi da Damagaram akwai ɗalibai ƴan ƙauye da suke neman inda za su kwana, kuma kowanensu yana da uwa a wani wuri tana roƙon Allah ya haɗa shi da mutanen kirki. Tsohuwar da ta buɗe wa ɗan wata ɗaki ta zama amsar wannan roƙo, kamar yadda take fatan wata ta zama amsar nata a Yamai. Na'omi ta rasa miji da ƴaƴa biyu a Mowab, ta komo Baitalami tana cewa hannunta wofi ne, amma a ƙarshen littafin Rut matan gari suna gaya mata cewa surukarta, baƙuwa, ta fi mata ƴaƴa bakwai. Hannatu ta uku, annabiyar da Luka 2 ya ambata, gwauruwa ce tsohuwa tukuf wadda ba ta rabuwa da Haikali, kuma tana cikin na farko da suka ba da labarin jaririn Maryamu. Ikilisiya ita ma tana da nata kaso: fasto da dattawa su san gidajen da suka yi shiru, matasan da suka rage su ɗebo ruwa, su gyara dangar da ta faɗi, su taya nome gonar da mai ita ya gaza.

Ranar tafiya, iyali da yawa sukan karanta Zabura ta 121 kafin a ɗauki jaka, domin tana maganar mai tsaron da ba ya gyangyaɗi, wanda yake kiyaye fitar mutum da shigarsa. Uwa ta ƙulla guzuri, ƙuli-ƙuli da ɗan garin yaji da kilishi idan da hali. Uba ya raka har tashar mota, ya ɗora hannu a kan yaron, ya ce: Allah ya yi maka albarka, ya kiyaye hanya, ƙofar gidan nan a buɗe take ko ka samo ko ba ka samo ba. Mota ta tashi, shi kuma ya juyo gida, domin akwai akuyar da za a ba dusa, akwai kuma ɗakin da za a share a shimfiɗa wa tabarma saboda wanda zai zo.